Makantar Matuƙi: Daga Dusar Ƙanƙara Zuwa Ƙurar Hunturu

Da za a ce wa mutumin Ungogo ko Fanisau ko Rangaza akwai masana a Turai da Kanada da suka shafe shekaru suna binciken abin da ke kayar da jirgi mai saukar ungulu idan ya zo sauka a kan dusar ƙanƙara, ba mamaki ya yi dariya ya ce, to mu ina ruwanmu? Mu da ƙanƙararmu ba ta wuce wadda ake sa wa zoɓo da kunun aya ba, sai ko wadda kan faɗo da ruwan farkon damina ta narke nan take. To amma fa ruwanmu ya yi tsaki a cikin maganar, domin kuwa dusar ƙanƙara tana da 'yar uwa a ƙasar Hausa, ita ce ƙurar rani da hazon hunturu. Abin da waccan ke yi wa idon matuƙi shi wannan ke yi masa, launi ne kawai ya bambanta. Wannan ya sa na ga ya dace mu bi tarihin abin, mu ga yadda aka gano shi, da irin rayukan da aka rasa kafin a gano.

KANO DA JIRGIN SAMA

Ba yau Kano ta san jirgi ba. A ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi kuwa, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a biyo da su ta Legas da Kano da Maiduguri har zuwa Alƙahira, dubbai a cikin 'yan shekaru. Tsofaffin hotunan shekarun 1950 suna nuna wani mutum bisa raƙumi a filin jirgin Kano, riƙe da kakaki, yana busawa idan jirgi ya doso.

Su wa ke maƙwabtaka da wannan fili? Manoman ƙasar Ungogo ne da na unguwannin arewacin birni. A 1965 masanin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka fitar da rahoton binciken da suka yi a gundumar Ungogo, inda suka nuna ƙasa ce da jama'a suka yi yawa ainun, ana noma kusan kowane taƙi duk shekara ba hutu, jakuna na kai itace birni su dawo da taki. Ma'anar wannan ga batunmu ita ce, a kewayen Kano babu dajin Allah da jirgi zai faɗa ba a ji ba. Duk jirgin da ya kauce hanya, gonar wani ko ɗakin wani zai tarar.

DAGA INA HAZO YAKE?

Mafi yawan hazon da kan rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga ƙasar Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, kusa da Faya Largeau. Wurin a da can ƙarƙashin tafkin Chadi yake, lokacin da tafkin ya ninka na yanzu sau da yawa. Da ruwa ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alkama, wadda ragowar wasu ƙananan halittun ruwa ce. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwan da aka toshe wa rabin bakin famfo, ta kwashi wannan gari ta yo kudu da shi. Shi ya sa masu hasashen yanayi suka daɗe suna sa ido a kan Faya Largeau, in ƙura ta tashi can, Kano ta shirya.

Ga manomi wannan ƙura alheri ce. Binciken da Grant McTainsh ya yi a kewayen Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ƙurar hunturu tana sauka a gonaki duk shekara, tana ƙara wa ƙasa kauri da abinci. Wato dai wani ɓangare na albarkar geron Ungogo daga Chadi iska ke kawo shi kyauta. Amma abincin wani gubar wani, abin da manomi ke murna da shi, shi matuƙi ke fargaba.

MAKANTA IRI BIYU

Masu bincike sun raba makantar matuƙi gida biyu. Akwai wadda sama ke kawowa, akwai kuma wadda jirgin ke jawo wa kansa.

A ƙasashen ƙanƙara, ta farkon kan faru ne idan gajimare ya rufe rana, ƙasa kuma fara fat. Haske sai ya bazu ko'ina daidai, inuwa ta ɓace, sama da ƙasa su haɗe su zama kamar farin ƙyalle guda. Idon matuƙi lafiya lau, iska ma garau, amma ba ya iya bambance tudu da kwari, ko kusa da nesa. Mu a nan kwatankwacinsa shi ne ranar da hazo ya sauka sosai, rana ta koma kamar farin faifai, mutum ya tsaya a Ƙofar Mazugal ya kasa hango Dala.

Ta biyun ita ce ta jirgi mai saukar ungulu, kuma ta fi saurin kisa. Wannan jirgi ba ya tsayuwa a sama sai farfelarsa ta tunkuɗa iska ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyinsa. Idan ya matso ƙasa, iskar nan sai ta daki dusar ƙanƙara ko busasshen turɓaya, ta watsu gefe, ta murɗo sama, farfela ta sake zuƙo ta ta turo ƙasa. Cikin daƙiƙu kaɗan jirgin ya shige cikin dunƙulen da shi ya haɗa da kansa. In ƙanƙara ce mu kira ta farar makanta, in ƙura ce mu ce jar makanta.

Mai karatu zai iya cewa, ai saura 'yan taku kaɗan ya taɓa ƙasa, me zai hana ya sauke kawai? Amsar tana cikin halittar ɗan Adam. Mutum da ido yake sanin ko a tsaye yake ko yana motsi. Akwai wani ruwa a can cikin kunne da ke taimakawa, amma shi canjin motsi yake ji, ba ya jin sulalewa a hankali. Duk wanda ya taɓa zama cikin mota a tashar Ƙofar Ruwa, motar kusa da shi ta fara ja baya, ya ji kamar tasu ce ke tafiya, ya ɗanɗani abin. Haka matuƙi ke ji idan ƙura na gudu a gaban gilashinsa: sai ya ɗauka jirgin ne ke tafiya, ya yi ƙoƙarin gyara abin da bai karkace ba. Jirgi ya fara sulalewa gefe bai sani ba. Da zarar taya ɗaya ko ƙafa ɗaya ta caki ƙasa a haka, ta zama turke, ƙarfin farfela kuma ya ci gaba da jan jirgin ta kan turken nan har ya kife. Fukafukan farfela su daki ƙasa su tarwatse, ɓaraguzansu su tashi kamar harsashi.

FILAYEN WASA BIYU

A ranar 21 ga Maris, 2013, 'yan sandan tarayyar Jamus suna atisaye a gefen babban filin wasa na Olamfik da ke Balin, ƙasa duk dusar ƙanƙara. Jirage masu saukar ungulu suka zo sauka ɗaya bayan ɗaya a kusa da juna. Ƙanƙara ta turnuƙe, na bayan ya daina ganin ƙasa, ya kife ya haɗu da wanda ya riga shi sauka. Matuƙi ɗaya ya rasu, wasu da dama suka jikkata. Ka lura, ba a tsakiyar daji ba ne, a babban birnin Jamus ne, da rana tsaka, kuma ƙwararru ne ke tuƙi.

Shekara shida bayan haka, ranar Asabar 2 ga Fabrairun 2019, jirgi ƙirar AW139 na kamfanin Caverton ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, daga Abuja zuwa Kabba ta Jihar Kogi, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Mutum 12 ne a ciki. Ya zo sauka a filin wasan garin, ƙura ta turnuƙe shi, ya daki ƙasa da ƙarfi ya kife ta ɓarin dama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasu. Kafin gari ya waye jita-jita ta cika ƙasa, wasu na cewa maƙarƙashiya ce, wasu na cewa injin ne. Da hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta Nijeriya ta gama aikinta, abin da ta samu shi ne jar makanta: matuƙan sun daina ganin ƙasa, sun kasa ƙiyasta tazarar da ta rage. Ta kuma ƙara da cewa salon saukar bai dace da wuri mai ƙura ba, kuma ba a yi cikakken nazarin haɗarin filin da shirya shi ba kafin a zo.

Da za ka ɗauki labarin Balin ka cire kalmar ƙanƙara ka sa ƙura, da kusan labarin Kabba ka samu. Haka ma abin da ya sami Amurka a hamadar Iran kusa da Tabas a watan Afrilun 1980, lokacin da Shugaba Carter ya tura sojoji su ƙwato Amurkawan da ake tsare da su a Tehran. Jirage takwas masu saukar ungulu suka tashi daga teku, guguwar ƙura da lalacewar na'urori suka rage su har aka fasa aikin. Ana shirin komawa ne ɗaya daga cikinsu ya ɗaga cikin ƙurar da ya tayar, ya sulale ya daki babban jirgin dakon mai, sojoji takwas suka mutu. Ba harsashi ko ɗaya da abokan gaba suka harba.

DAGA NEMAN MAI LAIFI ZUWA NEMAN DALILI

A farkon zamanin jirgin sama, bincike ba ya da wuya: in injin bai lalace ba, to laifin matuƙi ne, shi kuwa galibi yana kabari, ba bakin kare kai. Sauyi ya faro ne daga yarjejeniyar Chicago ta 1944 wadda ta haifar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. A 1951 aka amince da sashe na 13 na ƙa'idojinta, mai magana kan binciken hatsari, wanda a yau ginshiƙinsa shi ne cewa manufar bincike hana aukuwar irinsa ce, ba ɗora laifi ba. A cikin shekarun 1950 ɗin ne kuma wani masanin Ostireliya, David Warren, ya ƙirƙiro na'urar naɗar magana da bayanan tafiya, wadda muke kira baƙin akwati, alhali launin ruwan lemo ake yi mata don a gan ta cikin tarkace.

Shari'ar da ta fi fito da wannan sauyi fili a kan ƙanƙara aka yi ta. Ranar 28 ga Nuwamban 1979, jirgin kamfanin Air New Zealand ɗauke da masu yawon buɗe ido ya daki dutsen Erebus a yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, mutum 257 suka mutu. Rahoton farko ya fi ɗora abin a kan matuƙa, cewa sun yi ƙasa-ƙasa fiye da kima. Amma a 1981 Mai Shari'a Peter Mahon ya gano cewa an canza lambobin hanyar da aka ɗura wa kwamfutar jirgin ba tare da an gaya wa matuƙan ba, ta yadda suna zaton suna bisa shimfiɗaɗɗen teku ne, alhali dutse suka dosa. Kuma farar makanta ta sa dutsen ya saje da sama, suna kallonsa ba sa ganinsa. Sai a 2019, bayan shekara 40, Firayim Minista Jacinda Ardern ta nemi gafarar iyalan mamatan a madadin gwamnati.

Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne, hatsari ba ya da uwa ɗaya. Kamar gona ce mai danga uku ko huɗu, akuya ba ta kai ga dawa sai ta sami kafa a kowace danga. Wanda ya toshe ta ƙarshe kawai ya tafi, gobe ma akuya za ta dawo.

ABIN DA KANO TA GANI

Ko da yake manyan hatsarurrukan Kano ba na jirage masu saukar ungulu ba ne, kowannensu ya ƙara wani abu a wannan ilmi. Ranar 24 ga Yunin 1956, jirgin BOAC ƙirar Argonaut mai zuwa Landan ya tashi daga Kano hadari na gabansa, ya yi ta yin ƙasa duk da injinansa na aiki, har ya daki bishiya. Mutum 32 cikin 45 suka mutu. Masu bincike suka ce iska ce ta juya farat ɗaya, daga mai tare jirgin ta gaba zuwa mai tura shi ta baya. A lokacin abin ba ya da suna. Sai bayan da irinsa ya faru a New York ranar 24 ga Yunin 1975, shekara 19 cif, masanin yanayi Ted Fujita ya bayyana yadda iska ke rikitowa daga cikin hadari ta daki ƙasa ta fantsama. Duk manomin da ya ga yadda iskar gaban hadari ke kwantar da dawa ya san ta, illa dai bai san tana kayar da jirgi ba.

Ranar 22 ga Janairun 1973, zamanin Janar Gowon da Gwamna Audu Bako, jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta ɗauko shata, ya kwaso alhazai daga Jidda. Safiya ce ta hunturu, ga hazo ga iska. Ya sauka da ƙarfi a Kano, ƙafafunsa suka karye, ya juya ya bar titi, wuta ta kama. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. A ranar, duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgi da ya ci rayuka kamarsa ba.

Sai kuma ranar 4 ga Mayun 2002, da jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 mai zuwa Legas ya yi gudu har titi ya ƙare masa bai tashi ba, ya shiga turɓaya, injinansa suka zuƙi ƙura, ya ɗaga da ƙyar ya faɗa kan gidajen Gwammaja, unguwar da gidan Malam Aminu Kano yake, wanda filin jirgin ke ɗauke da sunansa. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gida, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku. Tsananin zafin bazara ma ya taimaka, domin iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi na buƙatar doguwar hanya kafin ta ɗauke shi. Bayan wannan ne gwamnati ta dakatar da irin wannan jirgi, ta kuma sa iyakar shekaru ga jiragen da za a shigo da su. Dokar sufurin jiragen sama ta 2006 ta ba hukumar binciken hatsari cin gashin kanta, a 2022 kuma aka faɗaɗa ta ta zama NSIB, mai binciken hatsarin sama da na ruwa da na jirgin ƙasa.

INA MUKA DOSA?

Ga babban jirgi mai sauka a fili irin na Malam Aminu Kano, akwai na'urorin da ke jagorantarsa zuwa titi cikin hazo, akwai hasumiya, akwai hasashen hukumar NiMet, kuma in gani ya gaza ƙa'ida sai a jinkirta ko a karkatar da shi. Fasinjan da ke zage-zage don an soke tashinsa a watan Janairu, da ya san tarihin nan da godiya ya yi. Amma jirgi mai saukar ungulu da zai sauka a filin ƙwallon makarantar firamare ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zaɓen 2019 da na 2023 duk a watan Fabrairu aka fara su, wato yaƙin neman zaɓe ya faɗo tsakiyar hunturu, lokacin da an gama girbi, dabbobi sun tattake gonaki, ƙasa ta zama gari.

Maganin da 'yan ƙasashen ƙanƙara suka samo bayan asarar rayuka mai yawa ba ya da tsada. Su sukan tattake ƙanƙarar ta daskare kafin jirgi ya zo, mu kuwa tankar ruwa ɗaya ko biyu za ta kwantar da ƙura. Su sukan ajiye wani abu mai duhu da nauyi, ko su sauka kusa da dutse ko itace, don idon matuƙi ya sami abin riƙewa. Ana koya wa matuƙi kada ya tsaya cak a sama dab da ƙasa yana jiran ƙura ta cim masa, ya gangaro yana gaba tana binsa a baya har ya taɓa ƙasa, in kuwa ta riga shi, ya duba na'urorinsa ya ɗaga sama ya sake zagayowa, ba kunya a ciki. Ba a saukar da jirage biyu kusa da juna a lokaci ɗaya. Sannan a nisanta jama'a. Wannan na ƙarshe namu ne, mu da yaranmu da kan ruga da gudu su kewaye jirgi tun farfela ba ta tsaya ba. Kowane mai unguwa da shugaban makaranta da aka ce masa babban mutum zai sauka a filinsa yana da haƙƙin ya tambaya: wa ya zo ya duba filin, wa zai yayyafa ruwa, wa zai tsare yara?

Mun yi imani da ƙaddara, kuma ba mai wuce ranarsa. Amma ƙaddara ba ta hana tambaya, Hausawa ma sun ce rigakafi ya fi magani. Rahotannin binciken nan ana wallafa su a intanet kyauta, sai dai da Turanci, kuma kaɗan ne cikinmu ke leƙa su. Da marubutanmu da gidajen rediyonmu za su riƙa mayar da su Hausa kamar yadda suke yi wa labarin siyasa, da jita-jita ta ragu, da kuma mutumin Fanisau da jirgi ke ratsa saman gidansa kullum ya san abin da ya kamata ya nema daga hukuma.

Allah ya jiƙan alhazan 1973 da mutanen Gwammaja da duk waɗanda suka riga mu, ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa. Mu kwana nan.